Shekarar da Taki Ya Tafi Gaisuwa

Bana ruwa ya sauka da wuri a Malumfashi, takin tallafi kuwa har yanzu yana hanya. Maƙwabcina Alhaji Sabo ya mai da duba waya sana'a. Ya duba bayan asuba, ya duba kafin azahar, ko saƙon nan ya shigo mai cewa ya je ya karɓi buhunsa. Masararsa ta kai gwiwa, ta fara rawaya kamar mai ciwon shawara. Jiya ya tsaya a bakin dakalina ya ce, "Malam, ku ma a zamaninku haka ake yi?" Na ce masa mu a zamaninmu taki ya taɓa riga ruwa zuwa, kuma da idona na gani. Ya yi dariya, yana tsammanin irin zolayar tsofaffin malaman makaranta ce. Ba zolaya ba ce.

Shekarun farko ne bayan samun mulkin kai. Ina sabon malami a wata firamare ta wajen Dayi, ina da keke, da fararen riguna, da ra'ayi a kan kome. Ran Juma'a in an tashi sai in hau keken in nufi ƙauyenmu. Mahaifinmu ya rasu, gandun gida ya koma hannun yayana Sale. Gandun kuwa ya gaji. Ƙasar ta yi fari ta zama rairayi, ƙuduji ya kama ta, ciyawar nan mai kyawun fure da ke tsotse dawa tun daga saiwa. A lokacin masara abar bayan ɗaki ce, ta gasawa. Abincin gaske dawa ne da gero, auduga kuma ta haraji da tufafi. Damina biyu a jere rumbunmu bai kai mu kaka ba.

Wata rana muna cin tuwo Sale ya ce, "In bana ma ta ƙi, ni kam na tashi."

Wani abokinsa ya sari daji can kudu wajen ƙasar Zazzau, ya aiko cewa akwai fili baƙi wuluk, ba mai shi. Sale zai tafi da matarsa Hajara da yaransu. Inna kuwa, mahaifiyarmu, ta riga ta faɗa cewa ɗakin da aka kawo ta a cikinsa, daga shi za a fitar da ita. Ma'ana, in dawa ta ƙi, Inna za ta zauna a gida babu ɗa, babu jika, sai malamin makaranta mai zuwa ran Juma'a.

Ba kuma ta iya ce masa kada ya tafi. Sale ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da magana da shi sai ta gaya wa wani, in babu kowa ta gaya wa kaza. In ina gida ni ne tafinta. Na yi karatun Turanci a kwaleji, amma fassarar da ta fi wahalar da ni a rayuwa ita ce daga Hausa zuwa Hausa a tsakar gidanmu.

Cikin bazarar nan ne malamin gona, Malam Bawa, ya zo da gajeren wandonsa na kaki, ya tara magidanta a gindin tsamiyar ƙofar mai unguwa. Ya kwance wani ɗan ƙulli, ga wani abu fari kamar gishiri. Ya ce sunansa takin zamani. Ya ce gwamnati ta ɗauke mafi yawan kuɗinsa, manomi ya cika ɗan abin da ya rage ya ɗauki buhu. Ya nuna yadda ake yi: a ɗiba da kwalin ashana, a tona rami nesa da gindin shuka kamar faɗin tafin hannu, a zuba a rufe.

Mutane suka dubi juna, irin kallon waɗanda hukuma ta taɓa yi wa alheri suka ji jiki. Sai Baba Ranau ya yi gyaran murya. Bamaguje ne, Sarkin Noman unguwar da ke hayin rafi, abokin mahaifinmu tun suna kiwon awaki.

"Ɗan malam," ya ce, "wace dabba ce ke kashi fari haka?"

"Ba dabba ba ce, Baba, inji ne."

"To me yake ci?"

Aka bushe da dariya, har shi Malam Bawa. Aka watse ba wanda ya ce yana so, sai Sale. Ya kai ragonsa kasuwar Bakori ya sayar, ya ɗauko buhu biyu a bayan jaki. Ya ce wannan ne gwaji na ƙarshe. Ya ajiye buhunan a ɗakin Inna, don nan ne awaki ba sa shiga, sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi kudu ganin filin nan, don ya san inda zai sa ƙafa in abin ya ƙi. Ni kuma na koma makaranta.

Wanda bai san bazarar ƙasarmu ba, ba na jin zan iya kwatanta masa. Sama ta yi fari fat, ba gajimare ko na rantsuwa. Ƙasa ta ƙona tafin ƙafa tun da hantsi, ƙadangaru su buɗe baki a inuwar rumbu. Guga ya sauka rijiya ya daɗe, ya dawo da rabin ruwa rabin laka. Babu aiki sai sharar gona da jiran hadari, ga zafi ya hana barcin rana. A irin wannan lokaci, labari ko kaɗan ne yana da tsada. Sai ga labari ya bazu cewa akwai baƙon abu a ɗakin Inna.

Al'adar ƙauyenmu kuwa, duk baƙon abin da ya shigo gida, naman layya ne, ko dabinon mai dawowa daga Makka, ko sabon gero, ba na masu gida ba ne su kaɗai. Wadda ta zo barka ba ta fita hannu rabbana. Wadda ba ta zo ba a aika mata, don kada ta ce an raina ta.

Wadda ta fara zuwa ita ce Kande, matar Baba Ranau, ƙawar Inna tun suna amare. Matan Maguzawa suna da gayaunarsu, wato 'yar gonar kansu, har da rumbunsu, saboda haka Kande ba kallo kawai ya kawo ta ba. Hajara ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce Kande ta dangwala yatsa ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce, "Wannan ko a miyar maƙiyi ba ya shiga." Duk da haka Inna ta cika mata 'yar ƙwarya. Bayan Kande sai matar liman. Bayan matar liman sai matar mai unguwa, wadda ba a ba ta abin da bai kai na matar liman ba. Har Bafulatanar da ke kawo mana nono, wadda ba ta da gona ko ta shimfiɗa tabarma, an zuba mata a ƙoƙo. Hajara ta ce ta so ta yi magana, amma suruka ba ta hana uwar miji kyauta.

Ran wata Asabar da safe Sale ya dawo, ina gida. Ya leƙa ɗakin Inna. Buhu ɗaya an kakkaɓe shi an rufa wa akurkin kaji. Ɗayan ya sauka har ƙugu. Ya fito ya tsaya a tsakar gida. Inna tana zaune tana kaɗi, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

"Auta," ya ce da ni, "tambayi Inna ina takina."

"Inna, wai ina taki?"

"Ka ce masa ya tafi gaisuwa."

"Yaya, wai ya tafi gai..."

"Na ji! Ka ce mata rago na sayar. Ka ce mata ba goro ba ne."

"Ka ce wa mai maganar nan," in ji Inna tana kallon zarenta, "lokacin da aka haife shi, da kunun Kande na yi jego, ita ma ba goro ta kawo ba. Abu ya shigo gidana, idon mutane ya gani, sai in ja ƙofa in ce na yaro ne?"

"Ka ce mata ba taki ta raba ba. Gidan ta raba."

Wannan ban fassara ba. Mazarin Inna ya tsaya a hannunta. Ta daɗe tana gyara zaren da bai tsinke ba.

Na yi tunanin in bi gida gida in roƙo a dawo da shi, amma kyauta ba a bin sawunta. Da na yi haka, da Inna ba ta ƙara fita ƙofar gida ba.

Abin da ba mu sani ba shi ne, mun jefa ƙauyen cikin matsala. Ƙwarya ba ta komawa gidansu wofi. In an aiko maka tuwo ka mai da fura, in nama ne ka sa ƙwai. To wanda aka aiko wa taki fa? An yi ta muhawara a bakin rijiya. Kande ce ta yanke hukunci. Muna zaune sai muka ji "Gafaranku dai!" Ga ta da ƙwaryar Inna a ka, an rufe da sabon faifai kamar kayan biki. Ta durƙusa ta sauke, aka gaisa, aka tambayi gajiya da zafi da lafiyar awaki. Sannan Inna ta ɗaga faifan. Kashin awaki ne, busasshe, an tsince shi tas babu ko tsinke.

"Taki kika aiko, taki na kawo," in ji Kande. "Namu bai yi fari ba, a yi haƙuri."

Inna ba ta ko murmusa ba. Ta ce, "An gode, an gode. Allah ya bar zumunci."

Daga nan aka buɗe gasa, don ƙa'idar biki ita ce in za ka mayar sai ka ɗora. Matar liman ta ji abin da Kande ta yi, ta ce ba za a fi ta ba, ta aiko da kwando na toka da ƙasar juji. Matar mai unguwa ta aiko da wanda ya fi shi. Baba Ranau ya ji cewa matarsa ta kai ƙwarya guda gidan abokinsa marigayi, ya ce ta zubar masa da mutunci, ya ɗaura wa jaki mangala ya kwaso takin turkensa kaf. Mijin Bafulatana, da ya rasa abin yi da ƙoƙon farin abu, sai ya kora shanunsa suka yi ta kwana a gandunmu har ƙarshen bazara. Ƙofar gidanmu ta zama abin da ba na so in siffanta a rubuce. Liman ya canza hanyar zuwa masallaci. Fararen rigunana kuwa suka ɗauki wari, har yaran aji suka fara barin bencin gaba.

Sale bai huce ba. "Na sayi na Turai," yake cewa, "an mayar mini da na akuya." Amma manomi ba ya ganin taki a ƙofa ya tsallake. Ya yi ta jida yana ƙunƙuni, yana tsibawa a gona, har gandun ya zama kamar an yi masa zane.

Ruwan farko ya zo da la'asar, da iska mai ɗauke jinka. Ƙanshin nan na jiƙaƙƙiyar ƙasa, har yau in na ji shi sai yunwa ta kama ni, ban san dalili ba. Da safe kowa ya fita, Sale a gaba da sungumi yana sara, mu a baya muna jefa iri muna takewa. Dawa ta tsiro, sai ruwa ya ɗauke. Shuka ta nannaɗe ganye kamar mai jin kunya. Kullum hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya yi cida, ya watse. Sale ya zauna yana gyaran igiyoyi, irin waɗanda ake ɗaure kaya da su. Muka fita bayan gari roƙon ruwa da liman. Su Baba Ranau ma suka yi nasu a gindin itacensu. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kuma har suka bar duniya liman da Baba Ranau ba su daina gardamar wanda aka amsa wa ba.

Bayan noman fari muka sa rabin buhun nan a tsakiyar gandu, inda ƙasa ta fi mutuwa, da kwalin ashana kamar yadda aka nuna mana. Kafin mu kai ga kukar da ke iyaka ya ƙare.

Daga nan sai yunwa, wadda ita ba ta taɓa makara. Hajara ta shiga rumbu har ba a ganin kanta, ta fito da abin da bai cika ƙwarya ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da rana sai kwaɗon tafasa ko na rama, ƙuli kaɗan, barkono da yawa don baki ya ɗauka an ci wani abu. Abin da nake iya kawowa daga Dayi a bayan keke ba ya kai tsakiyar mako. Inna kullum ta ce ta ƙoshi, ta tura wa jikoki akushinta. Marka ta kama, ruwa ba dare ba rana, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, katangar bayan gida ta zauna. Amma in ka fita gona sai ka manta. Dawar ta yi duhu. Ta tsakiya, mai farin taki, ta fi kowa girman kai. Ta gefe, mai na akuya da na shanu, tana bin ta a baya a hankali, kamar ɗalibin da ba shi da ƙwaƙwalwa sosai amma ba ya fashi.

Da ciyawa ta fi ƙarfinmu a maimai, wato noma na biyu, Baba Ranau ya kira mana gayya. Ya zo da samarinsa da makaɗinsa, garma ta yi ta walƙiya, ana kirari ana ihu, laka har gwiwa. Mu muka sha kunu a gindin tsamiya, su suka zaga bayan kuka da tulunsu. Ba mu tambaye su abin da ke ciki ba, su ma ba su yi mana tayi ba. Haka muka zauna shekara da shekaru lafiya.

Cikin wannan lokaci ne Malam Bawa ya dawo duba gonar da ya sani ya ba taki. Sai ya ga abin mamaki. A gayaunar Kande ga wasu 'yan gindin dawa sun yi tsawo sun yi baƙi a tsakiyar 'yan'uwansu. A bayan gidan liman haka. A gonar mai unguwa haka. Duk inda ƙwaryar Inna ta je, ta bar shaida. Da na ba shi labari ya jingina keke ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Shekara nawa ina yawo ina wa'azi ba mai ji," ya ce. "Kai ni in gaida Inna."

Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, baɗi kowa a garin nan zai nemi buhu, kuma aikinki ne."

"To ka kawo da yawa," in ji ta. "Na bana bai zagaya ba."

Muka ci tumu, muka yanke gero, sanyi ya fara shigowa, dawa ta sunkuya. Ba zan ce an yi abin al'ajabi ba. Ƙuduji ya ci rabonsa a gefen gabas, tsuntsaye suka ci nasu. Amma tsohon rumbunmu ya cika har wuya, abin da na manta rabon da in gani, ga sauran dammuna jingine a tsakar gida an rasa inda za a sa su.

Waɗannan dammunan su suka hana gidan sakewa. Rarar hatsi abu biyu take nufi: ko abincin baɗi, ko guzurin mai tashi. Wani ɗan kasuwa daga Funtuwa ya zo ya zagaya su, ya murza zangarniya a tafin hannu, ya yi tayi. Sale bai ce na sayar ba, bai ce albarka ba. Ya ce zai yi shawara. Abokin nan nasa na kudu kuma ya aiko cewa an fara rabon filin. Hajara ta wanke tukwanenta ta kife, ba ta san ko na ɗaurewa ba ne. Inna ta yi ta kaɗi kamar an ba ta kwangilar tufatar da lardi.

Wata safiya na fito alwala na ga jakin Baba Ranau ɗaure a ƙofar gida, Sale yana ɗora masa mangala. A ƙauye, mai tashi aron jaki yake fara yi. Inna ta fito da tsintsiya, ta ga jakin, ta ajiye tsintsiyar ta koma ɗaki ta saki asabari. Sale ya kora jakin ya fita. Yara suka yi cirko-cirko. Ba a ɗora tukunya ba.

Da hantsi sai ga shi ya dawo. Mangalar cike take da jar ƙasa. Ya juye ta a gefen tsohon rumbu, ya ɗauki kara ya zana da'ira a ƙasa, ya ce wa Hajara ta kawo ruwan kwaɓi.

Asabari ya motsa. Inna ta fito a hankali, ta zo ta tsaya a kan tsibin, ta ɗebi ƙasar ta murza a yatsu, ta yamutsa fuska.

"Auta, ka ce wa mai ginin nan wannan ta bakin rafi ce, yashi ya yi mata yawa. Damina biyu za ta tsage. A je a saro ta surin bayan tsamiya."

Sale ya dubi ƙasar da ya sha wahalar ɗaukowa. Ya dubi jaki. Ya sunkuya ya ɗauki mangala ya mayar masa a baya.

"Kuma wannan zanen ya yi kaɗan," in ji Inna, tana gaya wa wata kaza da ke wucewa. "A faɗaɗa shi. Yara girma suke yi."

Sale ya sa ƙafa ya share da'irar, ya ja da baya, ya zana wata.